Yadda Ake Dasa Dabino Ya Tsallake Hunturu da Bazara a Ƙasar Kabi

Shekarar da na fara dasa dabino a lambunmu na bakin fadama, kusa da Argungu, 'ya'yan gindi shida na sa a ƙasa, wato tsiron da ake cirowa daga jikin uwar dabino, biyu kacal suka rayu. A watan Disamba na dasa su, don a lissafina sanyi zai fi yi musu sauƙi a kan zafin rana. Kafin Maris ya kama huɗu sun bushe ƙayau, in ka ja ganyen tsakiya sai ya taho a hannunka kamar an zare kara daga dami. Na yi ta gaya wa mutane sanyi ne ya kashe su, har ranar da wani dattijo mutumin Agadas, mai kawo dabino da kanwa kasuwa, ya ji ni.

Ya ce, "Ɗana, wane sanyi gare ku a nan? Mu can cikin duwatsun Azbin akwai daren da ruwa kan yi ƙanƙara a kwano, dabino kuwa yana nan tsaye."

Na ce, "To Baba, me ya ci nawa?"

Ya ce, "Iska ta ci su, ƙishirwa ta ci su, sauran kuma hannunka ne."

Tun daga ranar na daina ɗora wa hunturu laifin da ba nasa ba, kuma duk abin da zan bayyana a nan a kan maganar dattijon nan ya ginu.

Sanyinmu da sanyin wasu

Dabino yana daina girma ne idan sanyi ya kai kusan digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, ya fi sakewa a wajen digiri 32, babbansa kuma yana jure ɗan lokaci na sanyin da ya gangara ƙasa da sifiri. A Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu, daren da muke cewa jaura ta sauko, ake kwana da garwashi a ɗaki, ma'auni yakan tsaya ne a wajen digiri 15, wani daren ya ɗan yi ƙasa da haka. Ƙanƙara ba ta kwanta mana a gona. Hasali ma wannan ɗan sanyin alheri ne ga babban dabino, don a bayansa ne yake fitar da fure mai yawa.

Na kawo wannan ne saboda hotunan da ke yawo a Facebook na itatuwa dangin dabino tsaye cikin dusar ƙanƙara, har wasu matasanmu na neman a sayo musu irin. Itatuwan gaskiya ne. Wanda ya fi shahara shi ne Trachycarpus fortunei, asalinsa daga Sin, ganyensa kamar mafici irin na giginya, gangar jikinsa lulluɓe da zare kamar gashi. Ana shuka shi a lambunan Ingila har da Sikotilan, yana jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri. Akwai Chamaerops humilis, gajere mai yawan 'ya'yan gindi, da ke fitowa da kansa a gaɓar tekun Bahar Rum ta yamma, irin su Sifen da Maroko. Akwai wani mai ƙaya kamar allura daga kudu maso gabashin Amurka da ya fi su duka jure sanyi. Duk na ado ne, ba sa ba da dabinon ci, na Sin ɗin kuma ba ya son zafi da busasshiyar iska irin tamu. Kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Sai dai akwai darasi a yadda masu lambu a can ke kula da su. Suna dasawa ne bayan sanyi ya wuce, don itacen ya samu watanni yana kafa saiwa. Suna zaɓar wurin da bango ya tare iska, ruwa kuma ba ya kwanciya. In sanyi ya matso sai su tattara ganyen su ɗaure, su naɗe jikin da buhu, su hana ruwa shiga tsakiyar kai, don ruwan da ya kwanta a nan shi ke ruɓar da itacen. Mu ma haka za mu yi, abokin gabar ne kawai ya bambanta.

Da farko: 'yar gindi ko ƙwallo?

Dabino akwai namiji akwai mace, macen ce ke haihuwa. In ka shuka ƙwallo goma, ka sa ran kusan rabinsu maza ne, kuma ba za ka gane ba sai sun yi fure, bayan shekara biyar ko fiye. Matan da suka fito ma ba lallai su gaji uwarsu ba. Wanda ya dawo daga aikin Hajji da Ajwa ta Madina ya shuka ƙwallonta, dabino zai samu, amma ba Ajwa ba. Haka Majhul na Maroko, haka Daglat Nur na Tunisiya da Aljeriya.

'Yar gindi kuwa, wato tsiron da ke fitowa a jikin uwa daga ƙasa, ita ce uwar sak. In uwar mace ce mai zaƙi mai nuna da wuri, haka 'yar za ta zama, kuma takan fara haihuwa shekara uku zuwa biyar bayan dashe. Larabawa na kiranta fasila, ita ce aka ambata a hadisin nan da ya ce ko Alƙiyama za ta tsaya alhali tana hannun ɗayanku, in zai iya dasa ta to ya dasa.

Shawarata ita ce ka nemi 'yar gindi daga uwar da ka ga 'ya'yanta da idonka, ka ɗanɗana da bakinka, a ƙasa mai yanayi irin namu. Ka tambayi mai ita wata nawa take nuna. Wannan tambaya ta fi tambayar girman ƙwaya muhimmanci, domin dabinon da bai nuna ba har damina ta kankama ruwa zai fasa shi ya yi tsami a kan uwa. Shi ya sa arewacin jiha, su Arewa da Augie da Argungu da Dandi, ya fi dacewa da dabino a kan Yawuri da Zuru inda ruwa ke sauka da wuri ya kuma daɗe. Mai neman dashe da yawa yana iya tuntuɓar reshen binciken dabino na NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wanda ke Dutse a Jihar Jigawa.

In ƙwallon ne kaɗai ke hannunka, ba laifi. Wanke shi tas, ka jiƙa kwana biyu zuwa uku kana sauya ruwan kullum. Cika leda mai zurfi, kamar kamu ɗaya, da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka binne ƙwallon zurfin gaɓar yatsa. Zurfin ledar na da dalili: saiwar dabino ƙasa take fara nutsawa tun kafin ka ga komai a sama, kamar yadda muruci ke yi a gindin giginya. Da ɗumi yakan tsiro cikin sati uku zuwa shida. Da hunturu yana nawa, har ka ɗauka ya mutu. Ya shekara a leda kafin ka kai shi gona, ka kuma shuka fiye da buƙatarka tunda za ka rage maza daga baya.

Wuri da rami

Ana cewa dabino ƙafarsa a ruwa, kansa a wuta. Wasu sun ji rabin maganar sai su kai shi tsakiyar fadama inda ake shinkafa, ruwa ya kwanta masa wata biyu ya shaƙe. Ruwan da ake nufi shi ne wanda saiwa za ta bi ta tarar a ƙasa. Wurin da ya fi shi ne bakin fadama, inda jigawa ta fara hawa: ƙasa mai yashi-yashi da ke tsotse ruwa, ambaliyar Gulbin Rima ba ta kaiwa, rijiya kuma ba ta da nisa. Ka tambayi tsofaffin wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya mafi muni, ka hau sama da nan.

Rana yake so daga safe har yamma, don haka ka nisanta shi da inuwar mangwaro da darbejiya. A cikin gida, ka bar aƙalla taku biyar tsakaninsa da bango ko hanyar yara, saboda ƙayar gindin zarɓa doguwa ce mai tsini, sukarta tana da zogi.

A gona, tazarar mita 8 zuwa 10 ake bari ta kowane ɓangare. Mita 10 na ba ka itace 100 a hekta, mita 8 na ba ka 156. Idan suna ƙanana filin zai yi maka kamar an yi asararsa, amma nan da shekara goma zarɓa za ta kusa taɓa zarɓa. Kafin nan ka noma albasa ko tattasai ko wake a tsakani, ban ruwansu ma zai amfani dabinon.

Ramin ka haƙa shi tun bazara, wata ɗaya ko biyu kafin dashe: mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. In ƙasar mai taushi ce santimita 70 ya isa. In ka ci karo da marmara, fasa ta da diga har ka wuce ta, in ba haka ba ramin zai zama tukunya mai riƙe ruwa. Ƙasar sama ka tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Gauraya ta saman da kwando biyu ko uku na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ba ya wari ba ya zafi, ka mayar cikin ramin, ka zuba ruwa ya zauna. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara da tsutsa. Takin zamani kada ya shiga ramin ko kaɗan.

Raba 'ya da uwa

Nan ne hannu ke kashe dabino, don haka zan ɗan tsaya.

Ba kowace 'ya ake cirewa ba. Ka nemi wadda ta shekara uku zuwa biyar a jikin uwa, kaurin gindinta ya kai a kama da hannu biyu ba su haɗu ba, nauyinta kilo 10 zuwa 25. Abin da ya fi komai shi ne ta kasance tana da saiwarta ta kanta. Ƙanana masu arha su ne suka fi mutuwa. In 'yar tana sama da ƙasa kaɗan, a tara mata ƙasa mai laima a gindi wata uku zuwa shida kafin ranar cirewa, tana nan jikin uwa za ta yi saiwa.

Kwana biyu kafin aikin a shayar da uwar sosai don ƙasa ta yi laushi. Ranar aikin, da sassafe, a fara sare ƙaya da tsofaffin zarɓa na ƙasa, a tattara sauran a ɗaure da igiya, a datse samansu kamar kashi ɗaya cikin uku. Rage ganyen nan ba ƙeta ba ce. Ta ganye itace ke fitar da ruwa, 'yar da aka yanke wa yawancin saiwa kuwa ba ta da abin mayarwa.

Sai a tone ƙasa a hankali a kewaye, ana barin ƙasa manne da saiwa, har a ga inda ta haɗu da uwa. Wurin siriri ne, kamar cibiya. A sa dagi mai faɗin baki da kaifi daidai nan, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga da guduma, a yanke shi sumul. Abin da na yi a shekarar farko shi ne na sare rabi, sannan muka kama muka yi ta girgizawa har ta ɓalle. Girgizar nan na tsaga cikinta, ba za ka ga raunin ba sai bayan wata biyu. Kada a ja ta da ganyen tsakiya, kada a jefar da ita daga kan amalanke, kada a bar ta faɗi da ka. Dabino wurin toho ɗaya gare shi tak, a tsakiyar kai, shi nake kira zuciya. In ya lalace babu wani reshe da zai fito ya maye gurbinsa kamar yadda mangwaro ke yi.

A shafa maganin ruɓa irin mai sinadarin tagulla a inda aka yanke, jikin 'ya da jikin uwa duka. In babu, a barbaɗa toka mai tsabta. A mayar wa uwa da ƙasarta. 'Yar kuma a naɗe gindinta da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa, a dasa ta ranar ko washegari. In daga nesa za a kawo ta, tafiyar dare ko ta asuba ta fi, kuma kada a ɗora ta saman mota iska na dukanta.

Lokacin dashe da yadda ake sa ta a rami

A ƙasarmu lokacin da na gamsu da shi shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Iska na da laima, ƙasa na da ɗumi, 'yar za ta samu wata huɗu zuwa biyar tana kafa saiwa kafin iskar gabas ta taso a Nuwamba. Dashen Disamba ya haɗu da abu biyu a lokaci guda: sanyi ya rage saurin saiwa, busasshiyar iska kuma na zuƙe ruwan ganye dare da rana. Dashen Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai mai ruwa a hannu kullum da inuwa mai kyau.

Da la'asar ake dashe. Buɗe rami a tsakiyar ƙasar da ka mayar, daidai girman gindin. Zaunar da ita yadda wuri mafi kauri na gindin zai yi daidai da fuskar ƙasa, zuciya kuwa tana sama sosai, yadda ko an cika kwarin ban ruwa ba zai kai gare ta ba. Zurfafawa na ruɓar da ita, ɗagawa da yawa na busar da saiwa. Ka tuna ƙasar rami na zama bayan an yi ruwa, saboda haka gara ka ɗan ɗaga ta da yatsa biyu.

Mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan kana dannawa da ƙafa, kada a bar kogon iska. Yi mata kwari mai zagaye, faɗin mita ɗaya da rabi, amma ka tara 'yar ƙasa jikin gindin yadda ruwa zai kewaye ta ba tare da ya jingina da ita ba. Shayar da ita nan take har ƙasa ta ƙoshi. Igiyar da ka ɗaure ganye da ita ka bar ta.

A watan Agusta, in aka kwana ana marka, ka je ka duba. Ruwan da ya wuni a kwari ka fasa masa hanya ya fita.

Daga dashe zuwa ƙarshen damina aikinka duba laima ne. In an kwana biyu ba ruwa, ba ta jarka ɗaya. Sa yatsa a ƙasa: laima ake so, ba caɓi ba. Kada ka tsorata in ganyen waje sun bushe, haka suke yi. Tsakiya za ka riƙa kallo. Muddin tana kore, da rai. Wata 'yar takan yi wata uku ko fiye ba ta motsa ba, sannan ka wayi gari ka ga sabon toho ya leƙo. Kada ka riƙa jan ta don ka gwada.

Hunturun farko

Da an gama girbin gero, iska ta fara juyawa, ka shirya tun kafin hazo ya sauko.

Ka kafa sanda huɗu a kewayen dashen, ka zagaya da zana ko darnin karan dawa, tsayinsa ya kai tsayin ganyen. Ɓangaren gabas da arewa, inda iskar ke fitowa, shi za ka fi tsananta wa, har ka ninka. Saman a bar shi buɗe don rana ta shiga. Tsakanin zana da ganye a bar kamar taƙi ɗaya, iska ta riƙa ɗan zagayawa. Ganyen da ke ɗaure a naɗe rabinsa na ƙasa da buhun algarara, sakwa-sakwa. Leda ko buhun siminti kada su kusance ta, don da rana suna dafa ta, da dare su tara gumi a zuciya.

Gindin kuma a rufe shi da abin da zai riƙe laima. Mu nan Allah ya hore mana ɓuntun shinkafa, wanda ya kwana biyu ya fi sabo. Busasshiyar ciyawa ma ta yi. Kauri kamar faɗin tafin hannu, amma a janye shi kaɗan daga jikin itacen saboda gara. Duk sati ka ɗaga ka duba. In ka ga ginin gara ya fara hawa, rushe shi, ka barbaɗa toka ko garin ƙwallon darbejiya, ka ƙara ruwa, don gara ta fi samun itacen da ƙishirwa ta raunana. In ta yi yawa ka nemi malamin gona ya nuna maka maganin da ya dace da yadda ake auna shi.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan lokaci shi ne rage ban ruwa. Mutum na jin sanyi a jikinsa, ba ya jin ƙishirwa, sai ya ɗauka itacen ma haka. Alhali dubi yadda leɓe da dunduniya ke tsagewa, dubi yadda wanki ke bushewa kafin azahar. Abin da iskar ke yi wa ganye ke nan. A jigawa ina ba kowace 'ya jarka ɗaya ta lita 25 duk bayan kwana biyu, a ƙasa mai ɗan laka duk bayan kwana uku ko huɗu. Da hantsi nake bayarwa, a gindi, ba a kai ba. Wanda ruwa ke masa nisa ya binne tulu marar fenti a gefen dashen, bakinsa a waje, ya cika ya rufe. Tulun zai riƙa tsatsafo da ruwa a hankali daidai inda saiwa take.

Taki kuwa a dakata. Wanda bai fitar da sabon ganye ba bai da bakin ci.

Sauran abu biyu da ke zuwa tare da hunturu su ne dabbobi da wuta. Bayan kaka ana sakin awaki da shanu, babu kore a fili sai dabinonka. Zana kaɗai ba ta tare akuya, sai an ƙara da ƙaya ko waya. Sannan zana da ɓuntu da ciyawa duk abincin wuta ne, ga masu ƙona daji da masu farautar gafiya da masu jin ɗumi. Ka share fili fes, taku uku a kewayen kowane dashe.

Daga nan zuwa bazara

Idan sanyi ya fara ja baya a ƙarshen Fabrairu, cire buhun amma ka bar zanar, yanzu inuwa za ta yi. Maris zuwa Mayu shi ne gwaji na biyu. A jigawa ban ruwa ya koma kullum ko bayan kwana ɗaya, da sassafe ko da yamma. In sababbin ganye sun fara turo igiya, kwance ta su baje. Da damina ta biyu ta sauka sai a kwashe zanar har hunturu ya dawo, a bar shingen dabbobi.

A nan ne za ka fara ciyar da ita: kwando ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a kewaye, a ɗan tona a rufe. In za ka ƙara da takin zamani na NPK, ɗan kaɗan ne, kamar cikin gwangwanin madara, a warwatsa nesa da gindi a bi da ruwa. Kowace shekara ana faɗaɗa kwarin ana ƙara takin gwargwadon girman itacen. Koren ganye kada a sare shi don kwalliya ko don saƙa, busasshe kaɗai ake cirewa. Ka riƙa duba tsakiya saboda wani babban baƙin ƙwaro mai ƙaho da ke huda zuciya. Alamarsa rami da tattaunannen zare a baki, sabon ganye kuma ya fito da yanka kamar an sa almakashi. Ana zaƙulo shi da waya mai ƙugiya. A tarin ɗanyen taki da ruɓaɓɓen kututture yake haihuwa, don haka ka nisanta su da lambu.

Dabinon da ya ga hunturu biyu da bazara biyu ya kafu. Daga nan ba ya buƙatar zana.

Aurar da dabino

Furen farko da na biyu, in itacen bai yi ƙarfi ba, a yanke su. Da ciwo a rai, amma ƙaramar uwa da aka bari da kaya takan tsumbure.

Idan ta isa, cikin sanyi zuwa ƙarshensa za ka ga wani abu kamar kuben takobi ya fito tsakanin zarɓa. Na namiji ya fi gajarta da faɗi, in ya tsage furen fari ne cunkus, mai ƙamshi, in ka kaɗa sai gari ya tashi kamar bununin gero. Na mace silin ne masu ƙananan ƙwayoyi kamar tsakiyar ado. Iska na iya kai garin, amma ba a dogara da ita. Aikin hannu ne tun zamanin da, shi ne mutanen Madina ke yi a hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce musu su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu. In da hannu ake yi, namiji ɗaya mai kyau na isar mata ashirin da biyar har fiye.

Yanke kuben namiji da zarar ya fara tsagewa, ka rarraba silin, ka shanya a inuwa kan takarda inda iska ba ta kaɗawa. Kuben mace kuwa kwana biyu zuwa uku na farko bayan ya buɗe su ne lokacinsa, saboda haka a wannan kakar kullum sai ka zagaya. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ɗauki sili uku zuwa biyar na namiji, ka kaɗa a kan furen macen, ka cusa su a tsakiya kansu na kallon ƙasa, ka ɗaure bakin da ganyen kaba sakwa-sakwa. Ranar da iska ke tashi da ƙura sosai ka jira ta lafa. In namiji ya riga mata fure, busasshen garin na ajiyuwa a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi. Furen da bai samu gari ba yakan yi 'yan ƙanana marasa ƙwallo da ba sa nuna da kyau.

Bayan 'ya'ya sun kama, a rage. Lissafin da ake bi shi ne koren zarɓa takwas zuwa goma ga kowane nono ɗaya. Nonon da ya yi yawa a cire, waɗanda aka bari a yanke silin tsakiya don iska ta ratsa, a sunkuyo da su a ɗaure jikin zarɓa kada nauyi ya karya wuya. Daga aure zuwa nuna wata biyar ne zuwa bakwai, gwargwadon iri. Da sun fara sauya launi zuwa rawaya ko ja, tsuntsaye da jemagu za su sani kafin kai. A sa musu buhun raga irin na albasa, wanda iska ke shiga. In hadari ya fara haɗuwa alhali ba su gama ba, a ɗora wata takarda mai kauri a saman nonon kamar malfa, ƙasan a buɗe, a kuma riƙa tsinke waɗanda suka yi laushi kowace safiya ana shanya su a tabarma.